A Buɗe Ƙofar Jami'a, Ga Yaranmu Nan Tafe!

'Yan'uwana maza da mata na Libreville! Mutanen Lalala, mutanen Akébé, na Nzeng-Ayong da na Nkembo, da ku da rana take fito muku ta kuma faɗi muku a kasuwar Mont-Bouët, ku ɗan dakata ku saurare ni. An gama jarrabawa. An kulle azuzuwa. Daga watan Yuli har cikin Satumba yaranmu suna hannunmu. Ruwan sama ya ɗauke, gajimare ya lulluɓe rana, gari ya yi lumshi. Ina yaran nan za su wuni?

Kun san amsa, ni ma na sani. Wani yana bakin shago yana miƙa leda. Wata ta gama wanke-wanke ta ɗauki wayar uwarta, sai dare. Wasu suna bin ƙwallo a lungu har a kira magariba. Ba na zargin kowa. Yaro ya taya ubansa jiran shago ba aibu ba ne, yawancinmu da haka muka tashi, da haka aka ciyar da mu. Amma wata biyu cur? Kullum? Sai a koma makaranta kai ya yi tsatsa, karatun bara ya bi ruwa, malami ya ɗauko daga tushe.

A cikin garin nan, a cikin hutun nan, akwai ɗakunan karatu da yawa masu allo da kujeru, sai ƙura ke zama a cikinsu. Akwai malaman lissafi da ɗaliban jami'a da suka samu sarari. Aji yana nan. Malami yana nan. Yaro yana nan. An rasa mai haɗa su. Mu ne masu haɗa su, 'yan'uwa. Mu tashi mu haɗa su.

Kada wanda ya ce mini ɗansa ba shi da kan lissafi. Ku tsaya ku kalli yaron da ke jiran teburin ubansa. Mai saye ya faɗi sefa 500 da Faransanci, yaro ya waiwaya ya ce wa uban, "Dala ɗari." Aka ce 1,750, kafin ƙiftawar ido ya ce, "Jika da dala ɗari da hamsin." Ya raba da biyar a ka. Ba biro, ba takarda, ga hayaniyar kasuwa, ga mai saye yana sauri. Sau nawa yake yin haka a wuni? Wannan yaron ne za a miƙo wa takardar sakamako ɗauke da 6 bisa 20 a lissafi, uban ya girgiza kai ya ce, "Ai mu gidanmu ba mu gaji boko ba." Haba Alhaji! Kan yana nan daram. Tsoro aka sa masa. An nuna masa lissafi riƙe da bulala da jan biro, bai taɓa ganin lissafi yana dariya ba.

Kada kuma a ce mana manyan masana lissafi sai a Turai. A nan Libreville, a babbar makarantar horar da malamai da ake kira ENS, ɗan ƙasar nan Farfesa Philibert Nang yake aiki lokacin da aka ba shi Kyautar Ramanujan a shekarar 2011. Cibiyar ICTP ta birnin Trieste a Italiya ce take ba da ita, ga masanin lissafi ɗan ƙasa mai tasowa wanda bai kai shekara 45 ba. Shi ne ɗan Afirka na farko da ya karɓe ta. Yaranmu nawa suka taɓa jin sunansa? Sun haddace sunayen 'yan ƙwallon Turai har da na benci. Laifinmu ne, mu manya, da ba mu faɗa musu ba.

Shi kuwa Ramanujan da aka sa wa kyautar sunansa, talaka ne ɗan Indiya, ƙaramin akawu a tashar jiragen ruwa ta Madras, ba shi da digiri. Yana ɗan sakandare wani littafin lissafi na aro ya faɗo hannunsa, ya duƙufa a kai. A 1913 ya rubuta wasiƙa zuwa ga masani G. H. Hardy a Jami'ar Cambridge, Hardy ya karanta, ya sa aka kawo shi Ingila. Littafi ɗaya na aro. Wasiƙa ɗaya. Ku riƙe maganar wasiƙar nan, zan dawo gare ta.

To me nake kira a yi? Zauren lissafi na hutu. Mun san makarantar zaure: a zauna gaban malam, a buɗe matsala, a yi ta juya ta har ta nuna. Irin wannan nake nufi, amma a harabar jami'a, tare da mutanen jami'a, kwana biyar ko mako biyu. Darasin maimaici da ake biya don cin jarrabawa yana da ranarsa, ba shi nake magana a kai ba. A zauren da nake faɗa ba maki, ba na ɗaya, ba na ƙarshe. Yaro ya yi kuskure a tafa masa, don kuskurensa ya nuna wa kowa hanyar da ba ta ɓullewa.

Ba mafarki nake ba ku ba. An yi, kuma ana yi. A Jami'ar Maseno da ke kusa da Kisumu a Kenya, wadda ita ma take bakin layin da ya raba duniya biyu kamar garinmu, malamai da masu sa kai suka fara sansanin lissafi na hutu a 2011. Mako guda, 'yan sakandare maza da mata, ana wasa da karta, ana warware wasa-ƙwaƙwalwa, ana taɓa kwamfuta, an ajiye manhajar jarrabawa gefe. Daga nan abin ya yaɗu zuwa Bahir Dar a Habasha, ya je Ghana. A Amurka, Arnold Ross ya fara shirinsa na bazara a Jami'ar Notre Dame a 1957, ya koma da shi Jami'ar Jihar Ohio a 1964, har yau ana yi. A Faransa, tun 1989 akwai shirin MATh.en.JEANS: masanin jami'a ya kai wa 'yan makaranta tambayar da ba ta cikin littafinsu, su yi ta fama da ita mako-mako, a ƙarshen shekara su tsaya gaban taro su faɗi abin da suka gano. Da Faransanci ake yinsa, harshen da yaranmu suke karatu da shi. Duk waɗannan da mutane kaɗan suka fara.

Bari in leƙa da ku cikin zauren, ku ga abin da za a yi.

Safiya ta farko, ɗalibin jami'a ya tsaya gaban yara talatin. Bai rubuta komai a allo ba. Ya ce: mutum ne ya iso bakin kogin Komo da kura da akuya da damin harawa. Kwalekwalensa ba ya ɗaukar komai sai shi da abu ɗaya. In ya bar kura da akuya, kun san labari. In ya bar akuya da harawa, harawa ta tafi. Yaya zai tsallakar da su duka lafiya? Nan take aji zai kaure. Wannan ta zama akuya, wancan ya zama kura, a ja layi da alli a ƙasa a ce kogi ne. Can wata yarinya da ba ta taɓa ɗaga hannu a makaranta ba za ta ce, "Malam, to ya dawo da akuyar mana!" Shi ke nan. Ta gano cewa wani lokaci sai an koma baya ake cin gaba, kuma ba wanda ya faɗa mata. Ranar ba za ta yi barci da wuri ba.

Kashegari a ce: ranar Idi, mutum goma suka haɗu, kowa ya yi musafaha da kowa sau ɗaya. Musafaha nawa aka yi? Wani zai ce ɗari, wani casa'in. A tashe su tsaye su gaisa a ƙirga: 45. Sai a ce to, in mutum ɗari ne fa? In duk masallacin Hassan II ne ranar Juma'a fa? Ba za a iya tashi a gaisa ba. Dole a nemi ƙa'ida. Yaron da ya nemo ƙa'idar da kansa ya shiga aljabara ta ƙofar gida, ba wanda ya tura shi.

Sai ranar raƙuma. Wani ya bar raƙuma 17, ya ce babban ɗansa ya ɗauki rabi, na tsakiya sulusi, ƙarami ɗaya bisa tara. (Malamai su yi haƙuri, wasa ne, ba rabon shari'a ba ne.) Sha bakwai ba ta rabuwa biyu, ba ta rabuwa uku. Rigima ta kaure. Wani dattijo ya zo wucewa a kan raƙuminsa, ya sauka ya ce a haɗa da nasa. Suka zama 18. Babba ya ja 9, na tsakiya 6, ƙarami 2. Tara da shida da biyu, sha bakwai. Dattijo ya hau raƙuminsa ya yi gaba. Kowa ya samu fiye da abin da yake tsammani, ba wanda ya yi asara. Ta yaya? Ba zan faɗa ba. A zaure ma ba a faɗa. Ana bari ne yaro ya kwana da ita.

Wannan abu namu ne, ba baƙo ba ne. Ku tambayi malaman da suka karanta ilmin gado: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi, sudusi. Waɗannan kason ba lissafi ba ne? Mai fitar da zakkar kuɗi, ɗaya cikin arba'in, ba lissafi yake yi ba? Al-Khawarizmi na Bagadaza, wanda daga sunan littafinsa aka samo kalmar aljabara a ƙarni na 9, babban kaso na littafin nan a kan wasiyya da rabon gado ya yi shi. Ga kuma namu na gida, Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Katsinawi, Bakatsine, masanin hisabi da taurari. A 1732 ya rubuta yadda ake gina hatimin alƙaluma mai gidaje mara, wato uku-uku, biyar-biyar, bakwai-bakwai, inda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, yake ba da jimla ɗaya. Ya rasu a Alƙahira a 1741, kuma har yau masu tarihin lissafi suna ambatonsa. Ku zana wa yaro gida tara, ku ba shi 1 zuwa 9, ku ce kowane layi ya ba da 15. In ya gama, ku ce masa wani Bakatsine ya riga shi da kusan shekara 300, kuma bai tsaya a gida tara ba. Ku kalli yadda zai gyara zama.

Wani zai ce duk wannan wasa ne, me zai ci da shi? To ji wannan, a ƙasar nan ya faru. A 1972, a wata masana'anta a Faransa, aka auna yuraniyom da aka haƙo daga Oklo, can kusa da Franceville. 'Yan'uwanmu na Nijar sun san yuraniyom, sun san Arlit. Nau'in da ake kira 235 ya kamata ya zama kashi 0.720 cikin ɗari, kamar ko'ina. Sai aka samu 0.717. Bambancin bai wuce 'yan ƙwayoyin gero a cikin mudu ba. Malalaci zai ce na'ura ce ta yi kuskure, ya tafi cin abinci. Masu awon ba su ce haka ba. Suka bi diddigi, suka gano cewa kusan shekara biliyan biyu da suka wuce, wutar nukiliya ta kunna kanta a ƙarƙashin ƙasar Gabon, ta yi ta ci tana hutawa shekaru dubbai, ba hannun ɗan Adam. Abin da ya fi ba ni mamaki, tun 1956 wani masani, Paul Kuroda, ya lissafa a takarda cewa haka tana iya faruwa. Ƙasar ta Gabon ce, awon da lissafin na wasu ne. Yau ga manganis a Moanda, ga man fetur a Port-Gentil, ga katako ana sarrafawa a Nkok, ga ƙarfe a Belinga. Wa zai auna? Wa zai duba alƙaluman kwangila? Wa zai ce tsaya, wannan 0.717 ce, ba 0.720 ba? In ba mu shirya yaranmu ba, za su yi dako, wasu su riƙe biro.

Kuma lokacin gajere ne. Bayan jarrabawar BEPC ake raba hanya: wannan ya bi kimiyya, wancan ya bi adabi. Yaron da tsoron lissafi ya kama tun ajin farko na sakandare, kafin ya kai mararrabar nan ya riga ya yanke wa kansa hukunci. Jarrabawar Bak C ta 'yan kimiyya ta zame masa dodo. Ƙofar injiniya ta rufe, ta likita ta ƙuntata, shi kuwa bai ko san an rufe ba. Don haka 'yan shekara 11 zuwa 15 su ne abin nema. Su za mu fara kamawa. Jihar Kano ta gane haka tun 1977, da ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa. Ku shiga asibitocin Kano ku tambayi likitoci inda suka yi sakandare, za ku sha jin sunayen nan biyu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Yanzu kowa ya ji nasa.

Ƙanena ɗalibin jami'a, da kai zan fara. Kai da kake karatu a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Masuku, ka hau jirgin ƙasa daga Franceville, ka yi tafiyar fiye da kilomita 600, ka sauka Owendo da jakarka. Sannu da zuwa. Ka huta kwana uku. Rana ta huɗu muna jiranka. Ke da kike ENS kina koyon aikin malanta, ga aji kyauta, ga yara na gaske, ba mai duba ki da takardar maki. Kai mai karatun tattalin arziki a Jami'ar Omar Bongo, kai mai koyon kwamfuta a IAI, kada ku ce ba fanninku ba ne. Kun fi yaron aji uku sanin lissafi, kuma ya fi jin maganarku a kan tamu, don da ku yake son ya yi kama. Ku tuna wanda ya fara nuna muku hanya. Ku biya bashin nan. Safiya biyar muke roƙo. Biyar kawai.

Malaman jami'a, Allah ya ƙara muku daraja. Mun san nauyin da ke kanku: bincike, gyaran takardun jarrabawa, iyali. Ba mu ce ku ɗauki zauren duka ba. Ku ba mu awa biyu. Ku zo ranar buɗewa ko ranar rufewa, ku tsaya gaban yaran, ku faɗa musu unguwar da kuka tashi da irin makin da kuka taɓa ci kuka ji kunya. Ku zaɓa mana tambayoyi masu kyau. Ku sa baki a ba mu ɗaki. Ku bar yaro ɗan Akébé ya zauna a kujerar ɗakin lacca, ya ɗora hannu a kan tebur, ya dubi dogon allon nan. Yaron da ya taɓa shiga jami'a da ƙafarsa, ya sha ruwan famfonta, ya daina ganinta gidan wasu.

Alhaji mai shago, gare ka. Abu biyu. Na farko ya fi wuya: ka saki yaron. Daga ƙarfe takwas zuwa azahar, kwana biyar. Shago ba zai rushe ba. In ya dawo ka tambaye shi abin da aka yi, ko ba ka gane ba ka saurara, ka ce ya sake maka. Na biyu, ka sa hannu a aljihu. Ba gini za mu yi ba. Alli ne, da littattafan rubutu, da fensir, da burodi da shayi, da kuɗin motar masu koyarwa. In 'yan kasuwa ashirin suka ba da jika biyar-biyar, jika ɗari ke nan. Mai sayar da littattafan rubutu ya kawo dozin biyu. Mai burodi ya ɗauki nauyin safiya ɗaya. Mun iya haɗa kuɗi in an yi rasuwa za a kai gawa gida. Mun iya haɗa kuɗi in za a yi walima. Mu haɗa na masu rai, na masu tasowa.

Hajiya, uwar gida, iyayenmu mata, in kun ce a yi, an yi. In kun yi shiru, ya mutu. Ku da kuke riƙe da adashi na mutum ashirin a ka, kun san wadda ta zuba, kun san wadda ta ɗauka, kun san mai kwasar wata mai zuwa, ba ku taɓa ɓata ko dala ba, ku ne za ku ce 'ya mace ba ta iya lissafi? Ku turo 'yan mata. Ku turo su da yawa, kada a ga maza ashirin da biyar mata biyar. Maryam Mirzakhani 'yar Iran tana 'yar sakandare ta ci zinare a gasar lissafi ta duniya a 1994, ta sake ci a 1995 ba ta faɗi ko maki ɗaya ba, a 2014 ta zama mace ta farko da ta samu lambar Fields, wadda masana lissafi suke ɗauka kamar Nobel. Grace Alele-Williams ta Najeriya malamar lissafi ce, a 1985 ta zama shugabar Jami'ar Benin.  Kuna tsoron hanya? Gaskiyarku. To ku zo da kanku. Kowace safiya uwa biyu su raka su, su zauna a bayan aji, su dawo da su. Wanke-wanken ya jira la'asar.

Malam liman, Allah ya gafarta malam. Kalma ɗaya daga bakinka bayan sallar Juma'a ta fi takarda dubu. Ka faɗa wa jama'a. Ka tuna musu cewa mai rabon gado da mai duban wata da mai fitar da alƙibla duk da hisabi suke aiki. In jami'a ta yi jinkirin amsawa, ka ara mana ajin Islamiyya da safe, lokacin da ba kowa. Mu fara a can, ɗaliban jami'a su same mu a can, ranar ƙarshe mu kwashi yaran mu kai su ziyara harabar jami'a.

Direban tasi, direban bas, sawu ɗaya da safe, sawu ɗaya da azahar. Ka ɗauke shi sadaka.

Baba mai dara a gindin bishiya, kai ma malami ne, ba ka sani ba. Gida talatin, 'ya'ya goma sha biyu-sha biyu, kana hango motsi uku kafin abokin wasanka ya ɗaga hannu. Zo ka koya musu. Ka zo da maƙwabcinka Bafange mai songo, da allonsa mai rami goma sha huɗu da 'ya'ya saba'in. A ajiye dara nan, songo can, yara su zagaya, ɗalibin jami'a ya tambaye su: me ya sa wanda ya fara yake yawan ci, ko kuwa ba ya ci? Zauren nan ba na Hausawa kaɗai ba ne. Ɗan Fang ya zo, ɗan Mpongwe ya zo, ɗan Punu, ɗan Nzebi, ɗan Mali, ɗan Benin. Tare suke aji, tare suke ƙwallo. A yi bayani da Faransanci, wanda bai gane ba a juya masa da Hausa ko da harshen gidansu. Ba kunya a ciki.

Shugabannin al'umma da na ƙungiyoyi, ga maganar wasiƙar da na ce ku riƙe. Jami'a ba ta san muna so ba sai mun faɗa. Ku zauna a wannan makon. Ku zaɓi mutum uku, cikinsu har da mace, har da mai iya rubuta Faransanci mai kyau. Ku rubuta wa shugaban sashen lissafi na ENS. Shafi ɗaya ya isa: ga mu, ga yawan yaranmu, ga shekarunsu, ga ranakun da muke so, muna roƙon ɗaki ɗaya da malami ɗaya da zai duba mu, abinci da mota da tsaron yara a wuyanmu. Ku sa hannu, ku buga hatimi, ku kai da ƙafarku, kada ku aika. A ce ku dawo jibi, ku dawo jibi. A ce mai sa hannu ya yi tafiya, ku tambayi ranar dawowarsa. Mu da muke iya bin bashin jika biyu wata shida, za mu gaji da bin takarda ɗaya? Ku karɓi izinin kowane uba a rubuce. Ku rubuta sunan kowane yaro da lambar wanda za a kira. A tashi kafin azahar, kowa ya isa gida da rana tsaka.

Ku kuma masu karanta wannan a Oyem da Bitam, inda Hausawa suka daɗe da kafa gida, ko a Kano, Zariya, Katsina, Sakkwato da Maraɗi, kada ku ce da mutanen Libreville ake. Jami'ar Bayero tana da ƙofa. Ahmadu Bello tana da ƙofa, ita da Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafi, ya shugabanta daga 1975 zuwa 1978. Usmanu Danfodiyo, Umaru Musa 'Yar'aduwa, Dan Dicko Dankoulodo, duk suna da ƙofa. Ku ƙwanƙwasa. Akwai gasar lissafi ta ɗaliban Afirka da ake yi tun 1987, da aka fara a Rabat ta Maroko. Yaran da suke zuwa can ba daga sama suka faɗo ba, wani ne ya zaunar da su lokacin hutu.

Ku kuma yara, 'ya'yana, na san wani zai karanta muku wannan. Ku zo. Wanda ya ci 18 ya zo, wanda ya ci 4 ya riga shi zuwa. Ku zo da fensir. Ku zo da gardama. Ku zo da "don me?" Ba wanda zai dake ku, ba wanda zai yi muku dariya. Ku ja abokanku. Ku dami iyayenku har su sa hannu.

Kada mu jira gwamnati. Kada mu jira Turawa su zo da mota mai tambari. Kada mu jira baɗi, baɗi yaron ya wuce mararraba. Yara goma sun isa a fara. Ɗalibi ɗaya ya isa. Kwalin alli ɗaya ya isa. Juma'ar nan, bayan an sallame, kada ka ɗauki takalminka ka wuce. Tsaya a bakin masallaci. Nemi mutum biyu. Ku tsayar da ranar zama, ku tsayar da mai rubuta wasiƙa, ku tsayar da mai riƙe kuɗi. Hajiya, ke kuma a zaman adashi na gaba, kafin a buɗe jaka, ki tayar da maganar.

Yau da dare kuwa, in an ci tuwo an kwashe kwanuka, ka kira yaron, ki kira yarinyar. A kashe talabijin. A ƙirgo ƙwayar wake 17 a zuba a tabarma, a ce raƙuma ne: rabi, sulusi, ɗaya bisa tara. Ta goma sha takwas tana cikin aljihunka. Kada ka fito da ita sai sun nema.